Ramgarh: Garin Marubuta Ne Ko Masaukin Marubuta?

'Yan uwana ɗalibai, yawancinmu mun san Indiya ne ta hanyar finafinai, shi ya sa muke ɗauka kowa a can Hindi yake yi. To, akwai wani ɗan gari a kan duwatsun Himalaya da zai sa mu sake tunani. Sunansa Ramgarh, a gundumar Nainital ta jihar Uttarakhand, tsayinsa ya kai kusan mita 1,800 daga teku. An san shi da lambuna na tuffa da afirikot da fulam da sauran 'ya'yan itatuwa na ƙasar sanyi. An kuma san shi da adabi, kuma a nan nake da magana.

Mutum biyu ake kafa hujja da su. Na farko Rabindranath Tagore, wanda ya ci kyautar Nobel a 1913, ya zo ya zauna a garin a 1914, har yau akwai tsaunin da ake kira da sunansa. Ta biyu Mahadevi Varma (1907 zuwa 1987), ɗaya daga cikin manyan mawaƙan Hindi, wadda ta mallaki gida a nan, ta sa masa suna Meera Kutir, takan zo ta yi lokacin zafi. Gidan ya zama wurin tarihi da cibiyar marubuta a ƙarƙashin Jami'ar Kumaun. Duk wannan abin yabo ne.

Amma mu tambayi kanmu, da wane harshe suka yi rubutu? Tagore da Bangali, Mahadevi da Hindi. Su kuwa masu dashen itatuwan, masu ɗaukar akwatunan tuffa a baya suna gangarowa da su bakin titi, harshensu Kumaoni ne. Sunan unguwannin garin ma shaida ne: Malla Ramgarh da Talla Ramgarh, wato na sama da na ƙasa, kamar yadda ake da Mallital da Tallital a Nainital. Ke nan adabin da garin ke alfahari da shi na baƙi ne da suka zo shan iska. A ganina wannan masaukin marubuta ne, bai zama garin marubuta ba tukuna.

Wani zai ce ai Mahadevi ba ta raina mutanen dutse ba. Gaskiya ne. A littafinta Ateet ke Chalchitra na 1941 ta ba da labarin Lachhma, wata matar dutse da ta sha wuya, kuma cikin tausayi ta rubuta shi. Sai dai an yi maganar Lachhma ne, ba Lachhma ce ta yi magana da bakinta ba. Mu da muke nazarin harshe mun san tazarar da ke tsakanin biyun.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, Kumaoni ba maraya ba ne a fagen waƙa. Akwai Gumani Pant tun ƙarni na 19, wanda ake ɗauka mawaƙin farko da ya yi rubutu da harshen. Akwai Girish Tiwari, wanda aka fi sani da Girda, ya rasu a 2010, waƙoƙinsa sun yi tashe a gwagwarmayar kare daji da ta neman jiha, har aka ƙirƙiro Uttarakhand a 2000. Jihar ta samu, amma harshen hukuma Hindi ne, na biyu kuma Sanskrit. Kumaoni ba ya cikin harsuna 22 da tsarin mulkin Indiya ya lissafa, kuma a ƙidayar 2011 an tura masu magana da shi, mutum sama da miliyan 2, ƙarƙashin Hindi. Shi kansa Sumitranandan Pant, ɗan Kausani a wannan yanki, da Hindi ya yi suna. Ban ga laifinsa ba, kowa ya san inda masu karatu suke.

Haɗarin kuwa a fili yake. Masu kuɗi daga Delhi suna sayen lambuna suna gina gidajen hutu, samari suna gangarawa birane neman aiki. Gidan Mahadevi na da jami'a a bayansa, in ya tsage za a gyara. Kalmomin da manomi ke amfani da su wajen aurar da itace, da sunayen iska da hazo da ƙasa, ba su da mai gadi. Ranar da aka sare lambu aka zuba kankare, aikin ya tafi, kalmominsa sun bi shi.

Don haka da ni ce mai iko da cibiyar nan, da na ware rabin taronta na shekara don Kumaoni, na tura ɗalibai da rakoda su shiga Malla da Talla lokacin tsinkar afirikot, su ɗauko zancen tsofaffi kafin dillalan filaye su riga su isa.