Hoto Ma Yana Buƙatar Isnadi: Kira Ga Malaman Makarantunmu

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

'Yan'uwa Musulmi, muna kai 'ya'yanmu makaranta domin su koyi baƙi da hadda da hukunce-hukuncen ibada, kuma wannan shi ne tushe. Sai dai akwai wani karatu da suke yi dare da rana babu malami, wato karatun hoto da bidiyo a WhatsApp da TikTok da finafinai. Ra'ayina shi ne lokaci ya yi da malamai za su shigo da hoto cikin aji, su koya wa ɗalibi yadda ake tuhumarsa kafin a gaskata shi.

Bahaushe ya ce gani ya kori ji. Wannan magana ta yi daidai idan idonka ne ya halarci wurin. Shi kuwa hoto idon wani ne aka ara maka. A watan Yulin 2010 wata tankar man fetur ta fashe a garin Sange da ke gabashin Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo, mutane fiye da 200 suka rasu. Bayan haka hotunan gawarwakin suka yi shekaru suna yawo a intanet da sunan kisan addini a Najeriya. Hoton gaskiya ne, amma bayanin da aka liƙa masa ƙarya ce, kuma irin wannan ƙarya tana iya tada gari.

Allah Maɗaukaki Ya umarce mu da bin diddigin labari a aya ta 6 ta Suratul Hujurat, kuma a aya ta 36 ta Suratul Isra'i Ya sanar da mu cewa ji da gani da zuciya duk abin tambaya ne. A kan wannan tafarki malaman hadisi suka gina ilimin isnadi: ba sa karɓar magana sai sun san wanda ya faɗe ta da wanda ya ji daga gare shi. Haka ya kamata ɗalibi ya yi wa hoto. Wa ya ɗauke shi? Yaushe, kuma a ina? Me aka yanke aka bari a waje? Me wanda ya turo shi yake so in ji a raina?

Wannan ilimi ba baƙo ba ne a wurinmu. Ibnul Haisam, wanda aka haifa a Basra wajen shekarar 965 ya kuma rasu a Alƙahira wajen 1040, ya ware sashe a littafinsa Kitabul Manazir yana bayanin kurakuran gani, ya nuna cewa ido yana karɓar haske ne, hankali kuma shi ke yanke hukunci. Ƙarnoni bayansa, wani mai shirya fim ɗan Rasha, Lev Kuleshov, ya haɗa fuskar mutum ɗaya da hotuna mabambanta, har da kwanon miya da akwatin gawa. Masu kallo suka ga yunwa a nan, suka ga baƙin ciki a can, alhali fuskar ba ta sauya ba. Da irin wannan haɗi ake juya zukatan masu kallo har gobe.

Malami ba ya buƙatar kayan aiki masu tsada. Waya ɗaya ta isa. Ya nuna rabin hoto, ɗalibai su faɗi abin da suka fahimta, sannan ya buɗe sauran su ga yadda hukuncinsu ya rushe. Ya kunna bidiyo na minti biyu babu sauti, ya maimaita shi da sauti, ya tambaye su abin da ya ƙaru a ransu. Ya sa musu guntun wa'azin da aka datse, sannan cikakkensa, su gane yadda ake ɗora wa malami abin da bai nufa ba. Ta ɗaya ɓangaren kuma, bidiyon ɗawafi da sa'ayi da tsayuwar Arfa yana fayyace wa yaro babin Hajji fiye da dogon bayani a kan allo.

Wani zai ce malamai sun yi saɓani a kan hukuncin hoto. Haka ne, kuma ina girmama wanda ya zaɓi nisanta. Amma ko wane ra'ayi uba ya ɗauka, hoton ya riga ya isa hannun ɗansa, kuma hani kaɗai ba ya koya masa rarrabewa. Sharuɗɗan dai a kiyaye su: malami ya kalli abin tukuna shi kaɗai, a guji tsiraici da siffanta Annabawa, a taƙaita kallo a tsawaita tattaunawa, kada allon waya ya maye gurbin malami da littafi.

Ina kira ga shugabannin Islamiyyu da makarantun boko su ware ko da darasi ɗaya a wata saboda wannan. Iyaye kuma su fara da kansu, domin yaron da ya ga mahaifinsa yana tura duk abin da ya faɗo wayarsa ba zai koyi bincike daga bakin kowa ba.

Allah Ya nuna mana gaskiya Ya ba mu ikon bin ta, Ya tsare idanunmu da zukatan zuriyarmu. Wallahu a'alam.