Raddi Ga Masu Ɗora Faifan Kakanni Bisa Shimfiɗar Ulu

 

Wata muhawara ta kunno kai a tsakanin samarinmu masu sha'awar garmaho: wace shimfiɗa ce ta fi dacewa a ɗora bisa farantin da ke juya faifai, ta ulu, ko ta roba, ko ta fata, ko ta ɓawon itace? Mafi yawansu sun karkata ga ta ulu. Hujjarsu ita ce da ita injin ya zo daga kamfani, da ita mutanen dā suka yi aiki, wai kuma tana sa murya ta fito da taushi. Ni ina ganin wannan kuskure ne, kuma irin kuskuren da zai cinye mana abin da ba mu da madadinsa. Wanda ya ɗauki zancen ƙarami ya yi haƙuri ya karanta, domin ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Mu fara da abin da ke cikin faya-fayan. A'isha Musa Ahmad, wadda duk Sudan ta sani da A'isha Falatiya, 'yar malami ce, iyayenta daga ƙasar Sakkwato suka fito bisa hanyar Hajji. An haife ta a Kasala, ta girma a Umdurman, ta tafi Alƙahira aka ɗauki muryarta a faifai. Da aka buɗe gidan rediyon Umdurman a 1940, ba a jima ba ta zama mace ta farko da ta rera waƙa a cikinsa. Ta yi waƙa da Larabci, ta yi da Hausa, ta rasu a 1974. Duk lokacin da wani ya buɗe baki ya ce mu baƙi ne a wannan ƙasa, faifanta shaida ne da ba ya bukatar lauya. Hukuncin sauraron waƙa na malamai ne, ban shiga gonarsu ba. Maganata a kan amana ce da tarihi.

Kuma kowa ya san abin da ya faru tun ranar 15 ga Afrilu 2023. Ginin rediyo da talabijin na Umdurman, inda taskar muryoyin ƙasar nan take, ya zama fagen fama har zuwa watan Maris na 2024. Gidaje da yawa na tsohuwar Umdurman an watse an bar su, masu su suka fake a nan Alsawra da ɗan abin da hannu ya iya ɗauka. Saboda haka faifan da ya tsira a akwatin wata tsohuwa ya wuce kayan nishaɗi. Mai yiwuwa ne babu wani irinsa a hannun kowa.

To, mene ne aikin shimfiɗa? Abu uku ne: ta riƙe faifai kada ya zame, ta shanye girgizar faranti kada ta kai ga allura, ta kuma kare fuskar faifai ta ƙasa daga ƙarfe. Ta ulu ta gaza a na farko, a na biyun ma ƙoƙarinta kaɗan ne. Santsi gare ta, shi ya sa masu kiɗan biki a Turai da Amurka suke son ta, domin su riƙa ja da tura faifai da hannu alhali faranti na juyawa a ƙasa. Mu kuwa me ya haɗa mu da wannan wasa? Sa'an nan ulu gidan ƙura ne. Ƙasarmu ƙasar habub ce. Ƙurar da ke shiga ta ƙarƙashin ƙofa, ta kwanta a kan tire da kan Alƙur'ani a kanta, ita ce ke shiga cikin zaren ulu ta zauna. Ga bushewar iska, wadda ke haifar da wutar nan mai tartsatsi da mutum ke ji idan ya tuɓe rigar roba lokacin sanyi. Wannan wuta ke sa ulu ya manne wa faifai har ya taso tare da shi, ya juye masa ƙurarsa cikin kwarin da muryar take kwance. Idan aka juya faifan, allura ta bi ta kan yashin tana nika shi kamar dutsen niƙa. Ƙaran da ke biyo baya ba ya wankuwa.

Masu cewa da ita injin ya zo, sai mu tambaye su: kamfanin da ya ƙera shi a ƙasa mai laima ya taɓa ganin sararin Karari ya yi ja da rana tsaka? Araha ya duba. Masu cewa garmahon dā mai wani da hannu ulu ke bisa farantinsa, gaskiya suka faɗa, sai dai sun bar rabin zancen. A wancan zamani allurar ƙarfe ake sawa, a jefar da ita bayan faifai ɗaya ko biyu, faifan ya cinye a je kanti a sayo wani. Yau wane kanti za a je? Amma batun taushin murya, ko da akwai shi, kunnen da zai rarrabe shi a ɗakin da fanka ke kaɗawa da janareta na ruri sai an tona. Ba a sayar da gona don a sayi taki.

Abin da nake kira gare shi shi ne shimfiɗar roba mai kauri: tana kama faifai, tana shanye girgiza, ana wanke ta da ruwa a shanya a inuwa. Idan zafi ya busar da ita ta fara tsagewa, a canja ta. Bayanta sai ta ɓawon itacen nan da ake toshe bakin kwalba da shi. Wanda ya rasa su, ga dukawanmu a kasuwar Umdurman: a yanka masa fata mai laushi, da'ira daidai da faranti, da sharaɗin kaurinta ya zama ɗaya ko'ina, kuma ya yi kusa da kaurin tsohuwar shimfiɗar, domin idan tsayi ya canja, zaman allura cikin kwari ma ya canja.

Sai dai shimfiɗa ita kaɗai ba ta isa ba. Faya-fayan zamanin da A'isha ta fara fita masu juyi 78 ne a minti, an yi su da ƙaron wani ƙwaro na ƙasar Indiya, suna da nauyi, suna fashewa kamar tangaran. Masu juyi 33 da 45 na roba sun fito ne a 1948 da 1949, kwarinsu siriri ne ƙwarai. Allurar faifai mai juyi 78 ta ninka tasu kauri sau uku zuwa huɗu. Wanda ya sa siririya a faffaɗan kwari, sai ta nutse ƙasa tana kwasar hayaniya, ya zauna yana zargin shimfiɗa. Kada a kusanci tsohon faifai da sibirto ko turare, domin suna narkar da ƙaron. Kada a jibga faya-fayai a kwance, kada a bar su kusa da rufin kwano a watan Mayu da zafi ke haura digiri 40. A jera su a tsaye, kowanne cikin rigarsa ta takarda.

Mafi girma duka: duk mai faifan A'isha, ko na Mamman Shata, ko na Ɗan Maraya Jos, ya sa a kunna shi sau ɗaya da allurar da ta dace, a naɗe muryar a kwamfuta, a rubuta abin da ke jikin tambarinsa, a raba wa 'yan'uwa a Mayurno da Gadarif da Kano. Daga nan a saurara a waya, a bar faifan ya huta.

Samari, ku ne kuka iya na'ura; iyayenmu mata, ku ne ke riƙe da makullan akwatuna. Ku haɗu a kan wannan tun kafin habub na gaba. Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya mayar da kowa ɗakinsa. Wassalamu alaikum.