FILIN SANA'A: Zanen gini da inji mai ƙwaƙwalwa, daga igiyar awo ake farawa

Sau da yawa gardama tana tashi tsakanin mai gida da magini bayan an gama aiki. Manomi ya saida albasa ko wake, ya tara kuɗi, ya ce a gina mashi mangaza mai tsawon metir 4 da faɗin metir 3. Magini ya auna daga waje. Shi kuwa mai gida, daga ciki yake nufi. In kaurin bango santimetir 20 ne, abin da zai rage a ciki shi ne metir 3 da santimetir 60 a tsawo, metir 2 da santimetir 60 a faɗi. Fiye da kashi 1 cikin 5 na wurin aje buhu ya tafi ke nan. Siminti ya riga ya bushe, kuɗi sun ƙare, zumunci ya ɓaci.

Maganin wannan gardama shi ne zane. A zana ɗakin bisa takarda, a rubuta awon kowane bango, kowa ya gani kafin a haƙa tushe. A yau masu wannan sana'a da inji mai ƙwaƙwalwa suke zane, wato kwamfuta, wadda wasu ke ce ma ordinatar. Da Faransanci ana taƙaita sunan aikin da DAO ko CAO, da Ingilishi kuma CAD. Yara da dama na son koyo, iyayensu na tambaya ko abin zai yi amfani. Zai yi, amma in an bi hanya. Wanda bai iya awo ba, inji ba zai iya mashi ba.

INA ABIN YA SAMO ASALI?

Da can masu zanen gini da na injuna bisa babban tebur suke aiki, da fensir da tawada. In an yi kuskure guda, sai a kankare, wani lokaci ma a sake takarda. A shekara ta 1963, a wata babbar makaranta ta ƙasar Amurka mai suna MIT, wani ɗalibi, Ivan Sutherland, ya nuna yadda za a yi zane bisa gilashin inji da wani alƙalami mai haske. Ya sa ma abin suna Sketchpad. Injin da ya yi aiki da shi ƙato ne, ya cika ɗaki. A shekara ta 1982 kamfanin Autodesk ya fito da AutoCAD, wanda ke aiki cikin ƙaramin inji na bisa tebur. Daga nan zanen inji ya shiga ofisoshi ko'ina cikin duniya.

Waɗannan abubuwa da ake sa wa cikin inji don ya iya wani aiki, manhaja ake ce masu. Wasu na kuɗi ne, kamar AutoCAD, wadda ake biya a kan wa'adi. Wasu kyauta ne, kamar LibreCAD da FreeCAD. In an sa su cikin inji sau guda, suna aiki ba tare da intanet ba, kuma ana iya maida rubutunsu zuwa Faransanci. Mai koyo ba ya bukatar ta kuɗi. Kuma ya guji manhajar sata da ake kwafewa a kasuwa, don sau da yawa takan zo da cutar da ke lalata inji.

DARASIN FARKO: A FILI

Malamin kirki ba ya kunna inji ran farko. Sai ya fita da ɗalibai waje, da igiyar awo da turaku 4. Su auna ɗakin da suke karatu ciki, ko rumbu, ko bakin rijiya, ko garke. Kowa ya riƙe igiya da hannunshi. Kowa ya san metir 1 santimetir 100 ne, santimetir 1 kuma milimetir 10 ne.

A nan ake koyon dabarar da magina suka daɗe da sani. In wani gefe metir 3 ne, ɗayan metir 4, to daga kusurwa zuwa kusurwar da ke fuskantarta a gicciye sai an samu metir 5 daidai. In ba a samu 5 ba, kusurwar ta karkace, sai a gyara turke. Ɗalibin da ya ga haka a ƙasa ba zai manta ba.

DARASI NA 2: KAYE DA FENSIR

In an dawo ciki, kowa ya ɗauki kaye mai ƙananan gidaje. Ya zana ɗakin kamar an cire rufi ana leƙa shi daga sama. Wannan shi ne abin da ya fi ba sabon ɗalibi wuya, don ido ya saba ganin ɗaki daga gaba. Sai malam ya kawo akwati marar murfi ya aje ƙasa, a tsaya kanshi a duba. Da an gane wannan, sauran aiki ya yi sauƙi. A nuna ƙofa, a nuna taga, a rubuta awo kusa da kowane layi. Wannan takarda ita ce za a aje gefen inji.

DARASI NA 3: GABAN INJI

Yanzu ne ake kunna inji. Akwai allon gilashi inda zane ke fitowa. Akwai madannai masu baƙaƙe da lambobi. Akwai kuma ɗan abin da ake turawa da hannu, wanda Turawa ke ce ma ɓera saboda kamanninshi. Hannun da ya saba da hauya yana da nauyi bisa ɓera, amma kwana kaɗan yake sabawa. Kada a yi ma kowa dariya.

Abu na farko da za a faɗa ma inji shi ne da wane awo za a yi aiki. Wannan wurin yana kada mutane da yawa. FreeCAD da milimetir take ƙirga in ba a sake mata ba. Wanda ya buga 4 yana nufin metir, ita milimetir 4 za ta zana, ɗakin da ko ƙwayar wake ba za ta shiga ba. Metir 4 milimetir 4000 ne.

Abu na 2 shi ne turken farko. Cikin inji akwai wuri guda da ake kira 0,0. Daga nan ake auna komi, kamar turken da aka kafa a kusurwar gona. Kowane wuri yana da lambobi 2. Ta farko tana faɗin nisan da aka yi zuwa dama, ta 2 tana faɗin nisan da aka yi zuwa sama. In da metir ake aiki, mai zana mangaza zai buga 0,0 sannan 4,0 sannan 4,3 sannan 0,3, ya rufe layi inda ya faro. Ɗaki ya fito. In ya tambayi inji nisan da ke tsakanin 0,0 da 4,3, zai ce mashi 5, kamar yadda igiya ta nuna a fili.

Doka babba a nan ita ce: a buga lamba, kada a ja layi da ƙiyasin ido. Cikin inji ana zana abu da awonshi na gaskiya. Bango mai metir 4, metir 4 ake bugawa, ko da allon bai wuce tsawon hannu ba.

KAYAN AIKI KAƊAN SUN ISA

Manhaja tana da alamomi barkatai, har su tsorata mutum. Mai farawa guda 6 yake bukata: jan layi, zana da'ira, gogewa, kwafewa, fidda kaurin bango, da rubuta awo. Da waɗannan kaɗai ana zana ɗaki, da shago, da ɗakin kaji, da wurin shayar da dabbobi.

Akwai wata dabara da ke sa bakin layi ya kama bakin wani layi daidai. Dole a kunna ta. In ba haka ba, ido zai ga kamar layuka sun haɗu, alhali akwai ƴar kafa tsakaninsu. Zanen da bai rufe ba, inji ba ya iya faɗin girman cikinshi daidai.

Akwai kuma abin da ya yi kama da takardu masu haske da aka jera bisa juna. Bango a takarda guda, ƙofofi a wata, awo a wata, hanyar ruwa ko ta wuta a wata. Ana iya ɓoye guda a bar sauran. Magini ya samu nashi, maƙeri mai yin ƙofa ya samu nashi, kuma duka daga zane guda suka fito.

Wuta takan ɗauke ba sallama. Saboda haka ɗalibi ya saba da adana aikinshi a kai a kai, ya danna Ctrl da S tare. In ya yi kuskure, Ctrl da Z suna maida shi baya. Da ya san wannan, tsoron taɓa inji zai fita daga ranshi.

AMFANI GA MANOMI DA MAKIYAYI

A koma ga mangaza. Zagayenta metir 14 ne. In tsayin bango metir 3 ne, fuskar bango duka metir murabba'i 42 ce. A cire ƙofa mai faɗin metir 1 da tsayin metir 2, saura 40. Bulo na siminti mai tsawon santimetir 40 da tsayin 20, guda 12 da rabi ke cika metir murabba'i 1. Ke nan wajen bulo 500 ake bukata, a ƙara kaɗan saboda masu fashewa. Mai gida ya san abin da zai saya tun bai fidda dala ba. In ya ce a ƙara metir 1, ba a sake zane daga farko. A sake lamba, a sake lissafi.

Ga wani misali daga gona. Manoman jihar Tawa da na Maraɗi sun san rabin wata da ake haƙawa a fako don tare ruwan sama. A tsarin da aka fi bi, faɗin kowane metir 4 ne, daga tsakiyar wannan zuwa tsakiyar na gaba metir 8, tsakanin jeri da jeri kuma metir 4. Ɗalibi ya zana guda 1 kaɗai, ya ce ma inji ya kwafe. A fili mai metir 100 kowane gefe, wato hekta 1, za a samu jeri 25. Jeri 13 masu guda 13, jeri 12 masu guda 12. Duka 313 ke nan. Ƙungiyar gari ta san yawan aikin kafin a kira gayya.

Bayan haka sai bugawa bisa takarda, kuma nan ne ake rage girma. In an zaɓi 1 bisa 50, santimetir 1 na takarda yana tsaye ne a madadin santimetir 50 na ƙasa. Bango mai metir 4 zai zama santimetir 8, mai metir 3 ya zama santimetir 6. A rubuta wannan a gindin takarda kullum, tare da ranar da aka yi zanen. Tada bango cikin inji don a ga ɗaki tsaye kamar na gaske, wannan darasin gaba ne. Kada a yi gaggawa. Sannu ba ta hana zuwa.

ABIN DA INJI BAI SANI BA

Inji bai san inda ruwa ke gangarowa ba. Manomi ne ya san ta ina bakin rabin wata zai fuskanta, wato wajen tudu. Inji bai san ƙasar da ke kumbura da damina ba, bai san ta inda iskar hadari ke bugun bango ba. Layin da aka ja cikinshi ba ya faɗin ko ƙarfen da aka zaɓa zai ɗauki rufi. Wannan sai tsohon magini, in kuwa ginin bene ne, sai injiniya. Yaron da ya iya zane kada ya raina wanda ya shekara 30 da cokalin gini a hannu. Ya kai mashi takarda ya tambaya.

Kuma zanen zamani bai hana gini da ƙasa ba. A garin Dandaji na jihar Tawa, a shekara ta 2018, an gama sabon masallaci da bulo na ƙasa da aka matse, aka maida tsohon masallacin ɗakin karatu. Mata 2 ne suka tsara aikin: Mariam Issoufou Kamara ta Nijar, da Yasaman Esmaili ta ƙasar Iran. Ita Mariam, karatun kwamfuta ta fara yi kafin ta koma tsara gine-gine. Wannan ya isa ya nuna sana'ar ba ta maza kaɗai ba ce.

GARGAƊI GA IYAYE

Uban da ɗanshi ko ɗiyarshi ke son koyo, kada ya saida sa don sayen inji tun farko. Ya fara sayen igiyar awo da kaye. In za a biya kuɗin koyo, a tambayi malam abu 3. Shin ana fita awo a fili? Mutum nawa ke zama gaban inji guda? A ƙarshe, ɗalibi zai fito da takardar da magini zai iya aiki da ita? Wurin da ake kallon malam kawai yana dannawa, ba a koyon komi.

In yaro ya ce ya iya, gwajin ba shi da wuya. A ba shi ɗakin da ke cikin gida ya auna, ya zana, ya bugo. A kai takardar wurin magini ba tare da an yi mashi bayani ba. In magini ya kafa turaku 4 bisa abin da ya gani a takarda, kuma suka dace da ɗakin, to kuɗin karatu ba su tafi banza ba.