Gobarar Sikotland ba laifin rana kaɗai ba ne

Duk wanda ya ji an ce daji na cin wuta a arewacin Sikotland zai yi mamaki, domin ƙasa ce da ruwan sama ba ya yankewa. To amma can, watannin haɗari su ne Maris zuwa Mayu, ba lokacin zafin Yuli ba. Ciyawar bara ta mutu a lokacin sanyi, sabuwa ba ta fito ba tukuna. Kwana kaɗan na rana da busasshiyar iska sun isa su mai da tuddan bakin teku kamar yayi, ko da ƙasan na jiƙe. Guntun taba ɗaya ya wadatar.

A watan Mayun 2019 wuta ta tashi kusa da ƙauyukan Melvich da Strathy a gaɓar tekun arewa, ta yi kusan kwana shida tana ci. Yankin, wanda ake kira Flow Country, shimfiɗe yake da wata baƙar ƙasa da ruɓaɓɓun tsirrai suka tara cikin dubban shekaru. Idan ta bushe, ita kanta ƙasar ce ke kamawa, wutar ta riƙa ci ta ƙarƙashi bayan an ɗauka ta mutu. A 2024 hukumar UNESCO ta sanya yankin cikin wuraren tarihi na duniya.

Duk sanda aka yi irin wannan gobara, sai a nuna masu kiwon tumaki da masu gandun farauta da yatsa, saboda sun saba ƙona tsohon daji don sabon tsiro ya fito. Majalisar Sikotland ta yi doka a 2024 wadda ta tanadi cewa sai da lasisi za a yi wannan ƙuna. Ina goyon bayan dokar. Amma a ganina an kama reshe an bar gindi.

Wa ya busar da ƙasar tun farko? Shekaru da dama gwamnati na ba da tallafi ana haƙa magudanan ruwa a waɗannan tuddai. A shekarun 1980 kuma attajirai suka dasa dubban kadada na itatuwan katako a kansu don samun sassaucin haraji. Itatuwan suka shanye ruwan. Manomin da ke da tumaki hamsin ba shi ya yi wannan ba.

Saboda haka kuɗin ya fi cancanta a zuba shi wajen toshe magudanan da sare itatuwan, aikin da an riga an fara, sai dai yana tafiyar hawainiya. Jiƙaƙƙiyar ƙasa ba ta barin wuta ta nutsa cikinta. Kuma a tuna, a ƙauyukan nan masu kashe gobarar yawancinsu mutanen gari ne masu wata sana'ar, da ake kira idan ta ɓaci. Su ne ke barin tumakinsu a tsakiyar lokacin haihuwa su hau tudu da abin bugun wuta a hannu.