Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

Ina roƙo ku ba ni hankalinku kaɗan, in faɗi ra'ayina a kan wata magana wadda ba ta cikin jerin darussanmu, amma kowannenmu zai gamu da ita ran da ya karɓi takardar shaida ya kama aiki. Maganar kuwa ita ce ta abincin gida. A ganina, malamin da ya dogara ga albashi kaɗai, yana awon hatsi mudu mudu daga wata zuwa wata, ya sa iyalinsa cikin hatsari ko da bai sani ba. Ya kamata kowane gida ya san abin da yake ci, ya tanadi abin da ya iya tun da kaka, ya kuma noma kayan miyarsa da hannunsa.

Ni mutumin Tirwun ne, a gefen birnin Bauchi. Birni ya matso mu ƙwarai, gonaki da yawa an yanka su filaye an sayar. Sababbin gidaje suna da bulo da kwano da wurin ajiye babur, amma da wuya ka ga wanda maginin ya bar wa rumbu wuri. Kakanninmu ba su yi makaranta ba, duk da haka maigida yakan san dami nawa zai kai iyalinsa wata kaka, a gidaje da yawa ma akwai rumbun da ba a buɗewa sai damina ta faɗi. Mu da muka koyi lissafi a allo, nawa ne daga cikinmu za su iya faɗin mudu nawa gidansu yake ci a wata?

Ba a banza tsofaffi suka yi wannan tattali ba. A ƙasar Kano da Katsina har suna aka sa wa shekarun yunwa, kamar Kakalaba ta 1914, da 'Yar Buhu ta 1927, da 'Yar Gusau ta 1942. Farin 1973 kuma ya taɓa Arewa, iyayenmu suna ba da labarinsa har yanzu. Tun kafin waɗannan duka akwai labarin Yusufu a Masar, wanda Kirista da Musulmi duk muka sani, yadda aka tara hatsi cikin shekara 7 na ƙoshi saboda shekara 7 na yunwa.

Kada wani ya ce ai wannan zancen dā ne. A 2020 an tsare mutane a gida a garuruwa da yawa saboda cutar korona. A farkon 2023, da aka sake takardun naira, mutum yana da kuɗi a banki amma ba ya iya awon mudu ɗaya, gama mai hatsi takarda yake so a hannu. Ran 29 ga Mayu 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur, kuɗin mota ya hau, kuɗin abinci ya bi shi. Ofishin Ƙididdiga na Ƙasa ya ce a Yunin 2024 farashin abinci ya ɗara na Yunin 2023 da fiye da kashi 40 cikin 100. Albashin malami bai yi irin wannan gudu ba. Wanda yake da buhun dawa a ɗaki a waɗannan kwanaki ya yi barci, wanda ba shi da shi kuwa ya san abin da ya gani.

To, me za mu yi? Abu na farko shi ne lissafi. Maigida da uwargida su zauna su auna abin da ake tuƙawa kullum har mako guda. A ce gida yana cin mudu 2 a rana, watau mudu 60 ke nan a wata, 730 a shekara. Wannan zai yi wa sabon malami nauyi, saboda haka ya fara da watanni huɗun da hatsi ya saba yin tsada, daga Yuni zuwa Satumba. Kwana 122 ne, mudu 244 ke nan. Sai ya auna buhu guda da mudun gidansa, ya ga buhu nawa yake bukata. Wanda ya san wannan adadi ya san abin da yake nema, ya daina saye da ka.

Na biyu, a sayi hatsi a lokacinsa. Gero da masara sukan fara shigowa wajen Satumba da Oktoba, wake da dawa su biyo baya a Nuwamba da Disamba. A lokacin ne manomi yake kawo kaya kasuwa da yawa, a shekarun da aka saba kuwa lokacin ne ya fi araha. Na sani wani zai ce albashin ko wata ba ya kaiwa, ina za a sami kuɗin buhu? Amsata ita ce adashi. Malamai huɗu ko biyar na makaranta ɗaya su riƙa zubi tun daga Yuli, kaka na yi su aiki mutum ɗaya kasuwar ƙauye, ko Kasuwar Muda Lawal in ƙauye ya yi nisa, a sayo buhu a raba. Kuɗin mota ɗaya ne, awon ma ya fi na mai tebur.

Na uku, wanda ya fi duka muhimmanci, shi ne ajiya, gama wanda ya sayi hatsi ya bar wa ƙwaro da ɓera gara ma bai saya ba. Hatsi ya bushe sarai kafin a ɗaure shi. A ciji ƙwaya, in ta fashe da ƙara ta bushe. Ko kuwa a zuba busasshen gishiri da ɗan hatsin cikin kwalba busasshiya, a rufe a girgiza, in gishiri ya manne a jikin kwalba to da sauran danshi, sai a mayar rana. Masara da gyaɗa masu danshi sukan yi fumfuna, wata fumfunar kuwa tana da dafi mai lalata hanta. A ɗora buhu a kan katako, kada ya taɓa ƙasa, kada kuma ya jingina da bango.

Wake shi ne abin tausayi, don ƙwaro ba ya raga masa. Waɗansu sukan zuba masa fiya-fiya ko wani maganin ƙwari mai ƙarfi, su manta cewa 'ya'yansu ne za su ci. Saboda irin wannan magani ne Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya ƙasashenta a 2015. Abin da Bature ya ƙi ci, don me za mu zuba wa yaranmu a kwano? Alhali akwai hanya mai sauƙi. Ƙwaro ma numfashi yake yi, in aka hana shi iska sai ya mutu. Wannan ita ce dabarar buhun PICS, wanda masanan Jami'ar Purdue ta Amurka suka tsara tare da abokan aikinsu na Afirka, har da na Maraɗi a ƙasar Nijar, aka fara yaɗa shi a 2007. Leda biyu ne masu kauri a ciki da buhu ɗaya a waje, kowanne a matse iskarsa a ɗaure shi daban. Wanda bai same shi ba ya wanke jarkar da ba a taɓa zuba mata fetur ko kananzir ba, ta bushe, ya cika ta da wake har wuya, ya ɗaure murfi sosai. Tsofaffinmu kuma da toka suke cuɗa wakensu.

Na huɗu, kayan miya. Tuwo ba ya shiga sai da miya, kuɗin cefane na kullum kuwa shi ke cin albashi a ɓoye. Tumatir da tattasai sukan yi araha da rani sa'ad da 'yan lambu suka kawo kaya, su yi tsada da farkon damina. A yanka a shanya a kan tabarma mai tsabta, a yi kauɗa a ajiye. Waɗanda suka yi haka ba su sha wuya sosai ba a 2016, shekarar da tsutsa ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna. Haka za a yi wa kuɓewa da barkono da yakuwa da kuka. Ganye kuwa a inuwa ya kamata a shanya shi, don rana tana rage amfaninsa. Mai gidan haya kada ya ce ba shi da fili. Tsohon buhu ko fasasshen bokiti, a cika da ƙasa da taki, zai ba da alayyafo cikin wata guda ko ɗan fiye, ruwan wanke shinkafa ma ya isa ban ruwa. Zogale reshe kawai ake yankowa a kafa a bayan ɗaki. A ƙara da kaji uku ko huɗu, amma a yi musu rigakafi kafin hunturu, lokacin da annoba ta fi kwashe su.

Akwai masu cewa, ashe wannan ba ɓoye abinci ba ne, irin wanda ake zargin 'yan kasuwa da shi? A'a. Mai ɓoyo yana kulle ɗaruruwan buhuna yana jiran talaka ya matsu. Mai tanadi cin gidansa kaɗai ya ajiye, in tsada ta zo ma ba ya shiga kasuwa ya ƙara wa masu awo cunkoso, har yakan sami abin da zai sam wa maƙwabci. Akwai kuma masu cewa, in farashi ya faɗi fa? Gaskiya ne yakan faɗi, ya kuwa faɗi a 2025, waɗanda suka tara don riba suka yi kuka. Amma wanda ya ajiye don ci, tuwonsa bai ragu ko loma ɗaya ba. Ɗan abin da ya yi hasara shi ne ladan kwanciyar hankalin da ya samu.

Yanzu in juyo kanmu, mu masu shirin zama malamai. A 1976 gwamnatin Janar Obasanjo ta fito da shirin ciyar da ƙasa, aka kira makarantu da gidaje su yi lambu, amma abin bai daɗe ba. A ganina irin wannan aiki ba ya kafuwa da shela daga sama, sai ya zama halin mutane, hali kuwa a gida da makaranta ake koyonsa. Abin da ke ɓata mini rai shi ne al'adar nan ta ba yaro fartanya don horo in ya yi latti. Yaron da ya tashi yana ganin fartanya kamar bulala, yaushe zai so ta? Mu sa lambun makaranta ya zama darasi. Yara su auna kunya da igiya a darasin lissafi, su rubuta ranar shuka da ranar tsiro, su kai abin da suka girbe gida su nuna wa iyayensu. Malami kuma ya sani, mutanen ƙauye sun fi duban bayan ɗakinsa fiye da abin da ya rubuta a allo.

Shawarata ga 'yan'uwa ita ce, a hutun nan mai zuwa kowa ya auna cin gidansu na mako guda, ya rubuto a littafi, mu gwada da juna in mun dawo. Ina kuma roƙon hukumar kwaleji ta ba kowane aji ɗan fili a bayan ɗakunan kwana, mu koyi aikin tun muna nan, kafin a tura mu inda ba mai nuna mana. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya ba mu hankalin tattalin abin da ya ba mu. Amin.