Kafin a sauke farantin talla, a duba jarin uwa

Duk lokacin da aka tayar da maganar 'yan mata masu talla, iyaye mata ake ɗora wa laifi, a ce kwaɗayi ne ko jahilci. Wannan jarida na ganin an yi gaggawar yanke hukunci, domin masana zamantakewar al'umma sun daɗe da nuna inda gizo ke saƙar.

A shekarun 1960, Baturiyar Ingila Polly Hill ta yi bincike a Batagarawa, kusa da Katsina, ta tarar da kasuwa sukutum tana ci a cikin gidaje, a hannun matan kulle masu sayar da hatsi, man gyaɗa, ƙuli-ƙuli da dafaffen abinci. A shekarun 1970 kuma, Ba'amurkiya Enid Schildkrout ta bi sawun yara a birnin Kano, ta nuna cewa da ƙafarsu wannan kasuwa take tafiya. Uwa na suyar ƙosai a tsakar gida, 'yarta ce mai kai wake niƙa, ita ce mai zagaya unguwa da faranti, ita ce mai karɓo bashi. Ribar ta shiga adashe, adashen ya zama kayan ɗaki.

Haka bambanci ke ginuwa tun daga ƙuruciya. Namiji ya rataya jaka ya nufi makaranta, ƙanwarsa ta ɗauki talla don tara kayan aurenta. Uwar kanta ba ta da abin jinginarwa a banki, domin sau da yawa gonar gado tana hannun 'yan'uwanta maza, duk da cewa Musulunci ya yanka mata kasonta.

Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta karatun shekara 9 kyauta ga kowane yaro a Najeriya. Amma doka ba ta mayar wa uwa cinikin da za ta rasa ranar da 'yarta ta zauna a aji.

Don haka muna kira ga gwamnatocin jihohi su kai jari ga ƙungiyoyin adashen mata, su ɗaura tallafin a kan zuwan yarinya makaranta. Malamai da sarakuna su yi tsayin daka a rage nauyin kayan ɗaki. Alƙalai su ƙwato wa mata gadonsu, magidanta kuma su riƙe ciyarwar da Allah ya ɗora musu. Muddin ba a taɓa waɗannan ba, ko an kori yarinya daga titi yau, gobe yunwar gida za ta maido ta.