Haƙurin da Ake Kira Tsoro

Na sha ji a ɗakin malamai ana cewa wai haƙurin Kiristocin Nijar ba kome ba ne illa tsoron marasa rinjaye. Wannan magana ce ta wanda bai dubi abin da ya faru a gabansa ba.

Ranar 16 ga Janairun 2015 a Damagaram, washegari kuma a Yamai, aka cinna wa majami'u wuta saboda zanen ɓatancin jaridar Charlie Hebdo ta Faransa, alhali masu ibada a cikinsu ba su da hannu a zanen. A Yamai kaɗai ƴan sanda sun ƙidaya majami'u 45. Matsoraci, in an yi masa haka, ƙofarsa yake garƙamewa, ya ɓoye gaba a ciki yana jiran rana. Su kuwa shugabanninsu a fili suka furta gafara, kuma makarantar Mariama ba ta juya wa ƴaƴan Musulmi baya ba.

A wasiƙarsa ga Galatiyawa, Bulus ya kamanta irin wannan hali, ƙauna da haƙuri da kamun kai, da ƴaƴan itace: daga ciki suke tsirowa, ba rataya su ake yi ba, kuma na waje ke tsinka.

Akwai masu cewa tarkon sauya addini ne. To, su je Galmi. Tun 1950 asibitin mishan ke can yana jinya ba ya tambayar alƙiblar majinyaci, kuma har yau akasarin masu kwanciya a gadajensa da kiran salla suke tashi.